Safiyar da Telo Ya Sa Takalmi

Ranar da garinmu ya fi bukatar Don Eleuterio Canche ya tsaya da ƙafafunsa, ranar ya ga damar faɗawa cikin laka. Telo muke ce masa. Shinge ɗaya ne tsakanin gidansa da namu, don haka wannan labari ba a kasuwa aka tsinto shi ba.

Laifin na takalmi ne. Shekara talatin Telo yana hawa ɗan dakalin katakon da ke bayan kwalekwalensa ƙafa ba komai, yatsunsa na kama katako kamar na ƙadangare. Amma a wannan safiya matarsa, Doña Fidencia, ta ce ba za a ɗauki ma'aikaciyar gwamnati da faso a waje ba. Ta goge masa farin wando, ta ciro takalmin da ya sa ranar auren 'yarsu. Ya hau yana ƙwas-ƙwas, ya kafa doguwar sandar tuƙi, ya tura da ƙarfi don mutanen da suka cika bakin ruwa su san yana nan. Sanda ta cije a laka. Takalmi ya zame, kwalekwale ya wuce da baƙuwa ita kaɗai, Telo ya rage a rungume da sanda. A hankali ta riƙa kwanciya da shi, har ya samu lokacin duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shige da tumbinsa.

Mun yi dariya, Allah ya yafe mana. Sai dai ba ta yi tsawo ba, don kowa ya san abin da ke cikin wannan safiya.

Wani kamfani ne ke son haƙa hanyar manyan jiragen shaƙatawa ta tsakiyar lungun tekun da muke ci a cikinsa. Takardarsu ta ce wajen laka ce zalla, babu wani abu mai rai. Shi ne aka turo Malama Araceli Dzib ta gani da idonta. Safiya ɗaya aka ba ta, da azahar motar da ta kawo ta za ta juya. Abin da ta gani shi za ta rubuta. In ba ta ga kifi ba, an haƙa.

Ba don kyansa aka zaɓi Telo ba. Gajere ne, hularsa ta girmi wasu 'ya'yansa, in yana barci har kajinmu sun sani. Da taru ya fara, kamar ubansa. Da baƙi masu sandar kamun kifi suka fara zuwa, shi ne na farko da ya rataye tarunsa ya koma kai su ruwan da bai wuce gwiwa ba, inda macabi ke kiwo da sanyin safiya. Macabi kifi ne mai launin azurfa, ƙaya ta yi masa yawa ba a cin sa, ga tsoro, inuwar tsuntsu ma korarsa take. Baƙo ya kama, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Mun yi wa Telo tsiya ba kaɗan ba, muna cewa ya zama mai raka mutane gaisuwa wurin kifi. Yau gida goma sha ɗaya ke ɗora tukunya da wannan gaisuwa, kuma duk shi ya koya musu, bai karɓi ko kofi ba.

Ya fito daga laka babu takalmi ko ɗaya, ya bi kwalekwalen ya kamo shi. Malama Araceli ta kawar da kai tana tari, wai don kada ya ga tana dariya. Telo ya tayar da inji. Sauri yake yi, don faɗuwar ta cinye masa lokaci, teku ta fara janyewa, ga hadari ya tare rana. In babu rana, idon mutum ba ya ratsa ruwa.

Da suka kusa, ya kashe inji ya koma sanda. Ya zaga wuri na farko, babu komai. Na biyu, sai ƙaguwa. Malamar ta duba agogo, ta buɗe littafinta, ta fara danna kan biro, ƙyas-ƙyas.

"'Yata," in ji Telo da murya ƙasa-ƙasa, "don Allah ki rabu da biron nan. Ta cikin katako suke ji."

"Baba, su waye suke ji? Ni ban ga kowa ba."

"Su ma ba su gan ki ba, shi ya sa muke da sauran sa'a."

Wuri ɗaya ya rage masa, can ciki kusa da itatuwan da saiwarsu ke tsaye cikin ruwa. Ya san in suka shiga, ruwa zai tsere ya bar kwalekwalen a kan laka, ta rasa motarta. Ya gaya mata haka ƙiri-ƙiri, bai rage ba. Ta dubi wandonsa da ya koma launin ƙasa, ta ce su je.

A can ya sa ta cire takalmi ta sauko, ya nuna mata yadda za ta ja ƙafa a ƙasa kada ta taka kifin nan mai faɗin faifai da ƙaya a wutsiya. Suka tsaya. Sauro ya yi liyafa da su, Telo ya hana ta ko mari. Ruwa ya sauko daga gwiwa zuwa ƙwauri. Telo yana addu'a a zuci, yana haɗawa da zagin takalmi.

Sai ga wani ɗan abu ya ɓullo a kan ruwa, siriri, yana kaɗawa. Wutsiya ce. Macabi in ya kafa kai a laka yana tonon abinci, ruwan kuma ya yi ƙasa, wutsiyarsa waje take fitowa, ko babu rana ana gani. Ga ta biyu, ga ta biyar. Kafin ta sauke numfashi fili ya cika da wutsiyoyi suna tahowa wajensu. Ta riƙa ƙirgawa da leɓe har ta rikice, ta ɗaga na'urar hotonta.

Kwalekwalen kuwa ya zauna daram, kamar yadda ya faɗa. Telo ya ɗaura igiya a ƙugu ya ja shi cikin laka, Malama na turawa ta baya. Azahar ta gota kafin su iso, amma mota na nan, don Doña Fidencia ta zaunar da direban da soyayyen kifi da wainar masara, duk ya yunƙura sai ta ƙara masa.

Yanzu hanyar jiragen tana can ta bayan tsibiri, lungunmu na nan yadda yake. Duk yaron da ya tafi makaranta da takalmi a unguwar nan, akwai hannun Telo a ciki, ko da shi nasa laka ta riƙe. Mutane na cewa rahoton Malama Araceli ne ya yi aiki, kuma gaskiya ne. Amma mu da muke ɗakin taro ranar da aka karanta shi mun san inda gardama ta mutu. Wakilin kamfanin ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce shi bai musa akwai kifi ba, amma teku faɗi gare ta, kifi zai iya komawa wani wurin.

Telo ya cire hula, ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, gaskiyarka, teku na da faɗi. To amma kifin nan bai yi boko ba, ko taswira ka ba shi ba zai gane ba. Ku ne kuka yi karatu, ga inji biyu a kowane jirgi. Ku zagaya mana."