Kwalbar da Ke But ɗin Nouhou

Nouhou mutumin Dogonduci ne, kuma ba ya daɗewa a aiki. Tun zuwansa birnin Greensboro na jihar Carolina ya yi wankin mota, ya yi gadi, ya ja tasi, kowanne ya bari kafin a riƙe sunansa. A 2004 ya samu aiki a wata gonar inabi bayan Pleasant Garden, ta wata tsohuwa da 'ya'yanta, masu yin farar giyar da ake ji da ita a manyan gidajen Irving Park. Nan ƙafarsa ta tsaya. Ya ce shi noma yake yi. Abin da inabi ya zama bayan ya bar hannunsa, tsakaninsa ne da Mahaliccinsa.

Ranar gama girbi tsohuwar ta miƙa masa kwalba daga mafi kyawun giyarsu. Nouhou ya tashi a gidan da ba a mayar da kyautar babba. Ya rusuna ya karɓa.

Matarsa Fourera ta tare ƙofa. "Maigida, ko kai ko ita. Ba a ɗakin da nake salla ba."

Sha haramun, sayarwa haramun, bayarwa haramun. Zubarwa kuwa cin fuskar tsohuwa ne, kuma guminsa na ciki. Sai ya cusa ta a but ɗin motarsa, gefen safayar taya.

Kwalbar ta je suna, ta je jana'iza, ta je Juma'a, inda yake ajiye mota can nesa da masallaci. In ya taka rami da mota, sai ya ji ƙararta. Ya sha ɗaukar hanyar gona da niyyar mayar da ita ya ajiye aikin, ya juyo daga bakin shinge.

Zafin Carolina ya dafa but ɗin wata da watanni, har toshiyar ta saki. Wata Juma'a limaminsu, Malam Seydou, ya nemi a rage masa hanya da buhun shinkafarsa. Aka buɗe but, warin tsami ya bugi Malam.

"Nouhou, me ka kashe a nan?"

Nouhou ya faɗi komai. Malam ya ɗauko kwalbar ya shinshina.

"Ka zuba mata wani abu?"

"Wallahi ko taɓa ta ban yi ba, Malam."

"To ai ta tuba da kanta. Giyar da ta koma binigar, wato khal, ba da hannun kowa ba, halas ce."

Fourera ta zuba a salak.

Da tsohuwar ta tambayi yadda ya ji giyar, Nouhou ya ce gida duka an yaba, har da liman. Ta ji daɗi ƙwarai. Girbin da ya biyo baya, ta ba shi kwalba biyu.