Dokin Ƙofar Cocin Ƙauyensu

Shekarun baya, ban daɗe da zuwa Greensboro ta Amurka ba, abokina ɗan Nijar ya samo mini aikin kula da wani tsohon Bature a Pleasant Garden. Mutumin Ingila ne, ya baro ƙauyensu tun yana saurayi. Ido ya yi rauni, hannu na rawa, mantuwa kuma ta fara kama shi. Yau ya san ni, gobe ya tambaye ni wa ya turo ni.

Abu ɗaya ne bai kuɓuce masa ba, cocin ƙauyensu. Ya yi shekaru yana sassaƙa ɗan ƙaramin irinsa da katako a kan teburin cin abinci. Ga hasumiya mai kusurwa huɗu inda ake rataye ƙararrawa, ga dogayen tagogi masu tsini, ga indararo masu fuskar dodo. A bakin shiga akwai 'yar rumfa, ya ce nan ake ajiye gawa a jira limaminsu. Kaburbura sun kewaye ginin, duwatsunsu duk a karkace. Ni dai nawa riƙe gam da cewa "to".

Mahaifina magini ne a Kano. Mu a wurinmu damina na wucewa sai yaɓe, duk inda ya zaizaye a cike shi, in ba haka ba a ce gidan ba shi da mai shi. To dokin ƙofar cocin nan ya daɗe yana tsone mini ido, don tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali. Na ɗauka rawar hannu ce ta sa wuƙa ta zarce. Rannan yana barcin rana na cike wurin da garin katako da gam, na goge ya yi sumul. Har da zaman jiran yabo, wai ni ɗan magini.

Da ya tashi ya bi ginin da yatsa kamar kullum. Yana zuwa ƙofa ya tsaya, ya sake shafawa.

"Wannan ba cocinmu ba ne," in ji shi.

Bai yi faɗa ba. Ya ce a cocin na gaske dokin ƙofar dutse ne, ƙafafu ne suka cinye shi, ɗaruruwan shekaru ana takawa, har da kakansa da mahaifiyarsa. Ba shi da hoton wurin, daga kansa ya sassaƙo shi. Kunya ta kama ni sosai.

Na kira abokina, yana bakin aiki a High Point Road. Ya ce, "Malam, wa ya aike ka? A ƙasar nan ba ka fixing ɗin abin da ba a ce ka taɓa ba. Maza ka mayar masa tun bai manta yadda yake ba."

Washegari na ɗauki wuƙa, shi ya sa yatsa. Ina kankarewa yana shafawa. "Ƙara kaɗan. Ta hagu, can aka fi takawa, ɓarin dama na ƙofar kullum a rufe yake." Kwana biyu muna wannan, don ba ya jimawa yake gajiya.

A rana ta uku na ga kamar ya yi. Na ɗora yatsansa a wurin na ce, "Baba, haka yake?"

Ya daɗe yana shafawa. Sai ya ce, "Ban sani ba. Kai ka san shi?"

Na ce ban taɓa zuwa Ingila ba.

"To bar shi haka."

Na ci gaba da aikina, bai sake tayar da maganar ba. Tun daga lokacin ba na gyara kayan kowa sai na tambaya, matata ta ce lalaci ne na samo wa suna. Abin yakan faɗo mini jefi-jefi, don har yau ban sani ba ko ƙofarsu na mayar masa ko tawa na sassaƙa masa. Wanda zai iya faɗa mini ya rasu a shekarar da ta biyo baya.