Ɗamarar Inna Ta Tafi Aro

Shekara biyar Inna ta yi tana sallah a zaune, daga baya ma a kishingiɗe. Ciwon baya ne, irin wanda ke tasowa daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har babban yatsa. An yi mata aiki sau ɗaya, ya ɗan lafa, ya dawo da ƙarfinsa. An yi ƙaho, an sha sassaƙe, an haɗiyi ƙwayoyi har cikinta ya ƙi abinci. Ni ina koyarwa a firamare a Kankia, duk Juma'a in hau acaɓa in tafi gida Dudunni, in same ta yadda na bar ta a kan tabarma.

Yayanmu da ke aiki a Abuja ne ya ji labarin wata na'ura da ake dasawa a jiki. Ya yi ta fafutuka har ya kai ta Masar. Ranar da suka dawo, da ƙafarta ta shigo zaure, sanda kawai a hannu. Wallahi na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin diddigi. Tun Yaya bai gama shan ruwa ba na tsare shi: me aka yi mata? Ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa. Wayoyi ne biyu sirara, aka zura su ta tsakanin ƙasusuwan baya suka kwanta kusa da laka. Sai batir, bai fi akwatin ashana ba, a ƙarƙashin fata daga saman ƙugu. Shi ke tura 'yar wuta kaɗan-kaɗan. Ya ce sai da likitoci suka gwada mako guda da batir a waje, suka ga ta ji sauƙi, sannan suka dasa. Ciwon yana nan bai je ko'ina ba, saƙonsa ne ake tarewa kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

Na ce, “Kai Yaya, ashe yaudarar jiki aka je aka sayo.”

Ya ce, “Kira shi duk abin da kika ga dama. Ba ga ta a tsaye ba?”

Na koma kan Inna da tambaya, me take ji? Ta ce kamar kiyashi ne ke yawo a ƙafarta, amma masu ladabi, ba sa cizo.

Batirin nan na cikin jiki caji yake so, kuma a nan ɗamara ta shigo. Baƙa ce mai aljihu, a cikin aljihun akwai wani faifai kamar faɗin tafin hannu. A cika faifan da wutar solar, mai aiki da hasken rana, da Yaya ya kafa a kan ɗaki, a ɗaura ɗamarar daidai inda batir yake, wuta ta ratsa fata ba tare da allura ko waya ba. Bayan kwana biyu ko uku a sake. Akwai kuma ɗan rimot da ke nuna yawan cajin da ya rage. Likita ya ja kunne: kada a bar batirin ya mutu ya daɗe a mace, don yana iya ƙin tashi, sai an sake yanka. Duk mun san babu mai iya sake kai ta Masar.

Abin da ba mu lissafa ba, mu masu boko, shi ne abin da matan gari suka gani. Sun zo barka, ba su ga waya ba, ba su ga batir ba. Sun ga mace da ta shekara biyar a kwance tana shara da ɗamara a ƙugu. A garinmu kuma ba a rowar magani. In ka sha ka ji daɗi, ragowar ta maƙwabci ce, yadda ake aron turmi da tsani da tukunyar biki.

Lokacin jarrabawa ya zo, na yi Juma'a biyu ban je ba. A ta uku na shiga da sallama, na tarar da Inna kwance ta fuskanci bango, goshinta duk gumi. Na ɗauki rimot, ya nuna babu komai.

“Inna, ina ɗamara?”

“Tana nan kusa.”

Matar ƙanena da ke zaune da Inna ce ta ja ni bayan rumbu ta faɗa mini: yau kwana tara ke nan da fitar ɗamarar. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta ara, kuma Inna ta hana a kira ni. Innalillahi! Kaina ya yi zafi, mayafina ma a hannu na fita da shi.

Mai ƙosai ta karɓe ni da fara'a, har tana juya ƙugu ta nuna mini yadda ta samu lafiya. Ɗamara fa? Ai yayarta ta zo suna daga Tafashiya, tana fama da gwiwa, ta tafi da ita. Na ce, “Haba Baba! Kayan aro kike bayarwa aro?” Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, “To mi? In ga 'yar'uwata tana ɗingishi in ɓoye?”

Na tare acaɓa muka nufi Tafashiya, ta cikin gonakin gero da dawa, ina ta sababi ni kaɗai. A can yayar ta ce ita a gwiwa ta naɗa ta, ninki biyu, kuma alhamdulillahi. Amma wata tsohuwa da ke kawo musu nono ta gan ta, ta roƙa, ta tafi da ita ruga. Duk da fushin da nake ciki, wani abu ya fara cin raina. Mutum biyu ke nan sun ce sun ji sauƙi, kuma babu wadda ke da batir a jikinta. Ƙarya suke yi don kara, ko kuwa da gaske ne?

Bayan azahar muka isa rugar. Tsohuwar tana zaune a gindin bishiya, bayanta ya lanƙwashe, surukanta na wanke ƙore a gefe. Ta ɗaura ɗamarar a kan zane, ta lulluɓe ta da wani farin ƙyalle don kada ta yi datti. Na gane tsohuwar. Shekaru ta yi tana kawo nono gidanmu, in ta sauke ƙwarya ta zauna ta murza wa Inna ƙafa da man shanu, su yi ta kwatanta ciwo, nata da na Inna, kamar masu hirar 'ya'ya.

Na zo da bayanina a baki, laka da waya da batir. Maimakon haka sai na ji na ce, “Baba, me kike ji in kin ɗaura?”

Ta ce, “Ɗumi, ɗiyata. Kwana uku ke nan ina samun barci.”

Na taɓa faifan, sanyi ƙalau, ya mutu tuntuni. Daga ina ɗumin? Har yau ban sani ba. Na tambayi Yaya, na tambayi wata ma'aikaciyar jinya a Kankia, kowa ya ba ni amsar da ba ta ƙosar da ni ba.

Na ce mata Inna ta sake kwanciya. Ta dafe ƙirji ta yi salati, ta kwance ɗamarar da hannunta, tana cewa wallahi ba a faɗa mata ba. Ta sa aka zubo man shanu a ɗan kwano ta ce in kai mata.

Da muka koma rana ta yi sanyi, faifan bai cika ba sai washegari da hantsi. Na ɗaura wa Inna, na zauna na zuba wa rimot ido. Shiru. Na gyara zaman faifan, na sake gyarawa, ina addu'a, ina zagin kaina da jarrabawa. Can sai layi ɗaya ya fito. Kafin la'asar ta ce kiyashinta sun dawo, kuma ta yi sallar a tsaye tana dafa bango.

Sai a lokacin na sauke mata abin da ke cikina. Na ce ɗamarar nan ba magani ba ce, ba ta yi wa kowa komai sai mai batir, kuma saura ƙiris ta jawo wa kanta wuƙa. Na yi ta faɗa, Allah Ya yafe mini, kamar ina gaban 'yan aji uku.

Ta bari na gama, ta ce, “Na sani.”

“Kin sani?”

“Likita ya faɗa, tafinta ya maimaita mini har sau biyu. Ni kurma ce?”

“To don me, Inna?”

Ta ce, “Shekara biyar matan nan suna juya ni, suna yi mini wanka, suna kwashe abin da ke ba ki kwashe ba. Yau na tashi, sun zo suna roƙo. In ce musu mi? In ce ciwonmu ɗaya, amma ni an sa mini abu a ciki don ina da wanda ya kai ni, ku ba ku da shi? Ke ce mai ilimi, je ki faɗa musu.”

Ban je na faɗa wa kowa ba.

Ranar Lahadi da zan koma Kankia, na naɗe ɗamarar na sa a akwati na kulle, na damƙa wa matar ƙanena makulli, na ce ko wa ya zo a ce ni na hana. Inna na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, tana kallona. Na durƙusa na yi mata sallama. Ba ta ɗago ba, kuma har na hau acaɓa ba ta ce in sauka lafiya ba.