Tukwanen Ƙwarin Yaya Audu

Matso kusa, mai karatu, ka ji abin da ke cina. Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Audu a Dabai, kuma har yau in an ambace shi sai wani ya yi murmushi, wai aikin soja ya taɓa masa kai. Aikinsa kuwa na neman bin sa kabari.

Da ya dawo gida, ya jera tukwane goma sha biyu a ɗakinsa, kowace da garin dawa mudu ɗaya da jajayen ƙwarin nan masu ɓata gari, adadi ɗaya. Kowace tukunya gari yake kiranta, irin garin da mutane ke zama. Ya ce mini shi ba ƙwaro ɗaya yake dubawa ba, halin garin duka yake so ya gani. Bayan kwana arba'in sai ya tankaɗe, ya ƙirga. Tukwanen da suka fi cika da ƙwari, ya ɗebi iri daga cikinsu ya kafa sababbi a layin dama. Waɗanda suka fi ƙaranci, layin hagu. Ni ke riƙe masa rariya. Kafin damina uku na dama sun cika maƙil, na hagu kuwa suna cinye ƙwan junansu, ba sa yawa. Da idona na gani. Burinsa ya samu ƙwarin da za su riƙa rage kansu a rumbu.

Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa ya ce, "Ku kula mini da garina na hagu." Kawunmu Bawa, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, sai ya ji garin tuwo. Na ce masa Yaya bai ja kalmar ba, garin zama yake nufi. Ya ce yaushe mace ta fara koya masa ji. Kwana uku da rasuwa ya sa aka tankaɗe tukwanen tas, ya watsa wa kaji ƙwarin, ya adana garin a ƙwarya, yana taƙama ya cika wasiyya.

Yanzu malaman gona na barbaɗa mana farar hoda a rumbu. Shekarar farko ƙwari suka mutu, bana sun dawo suna yawo a kan hodar. Da Yaya na nan, da ya tambaye su ko sun duba wane rumbu ne ya ba da irin ƙwarin da hodar ba ta kashewa. Na tambayi ɗayansu haka, ya yi dariya, ya ce in koma madafi.

Yaya bai bar komai a rubuce ba. Duk abin da ya rage yana cikin kaina, ni kuma ban iya alƙalami ba sai ta hannun mai rubuta mini. Kai da ka yi boko, za ka zo Dabai ka zauna in faɗa maka dalla-dalla, ko kai ma madafin za ka nuna mini?