Ragon Da Ya Sha Kunun Marainiya

Edita, ina gaishe ka da masu karatu baki ɗaya. A shekarun da zan ba ku labari, da za ka tashi daga tashar Jega har kasuwar albasa ta Aliero kana tambayar wanda ba a taɓa cuta ba a duniya, yatsa ɗaya za a ɗaga maka, kuma ni zai nuna. Dillalin albasa ne ni, ga tumbi ga baki, Allah bai rage ni da ko ɗaya ba. Nakan ce ko ina tsaye bakin titi babbar mota ta gifta a guje, zan gaya maka buhun da albasa ɗaya ta ruɓe a cikinsa, har da sunan fadamar da aka noma ta. Nakan ce ranar da aka haife ni ma sai da na ƙare wa ungozoma kallo, na tabbatar ba ta da wata manufa, sannan na yarda na yi kuka. Teburin mai shayi ya ɗauki dariya, wani ya ce a ƙara mini kofi shi zai biya. Da haka nake cin abinci, da hanci da baki.

Ba kuma banza na zama mai zargi ba. Kafin nan an taɓa yi mana sakiyar da ba ruwa. Wasu samari suka zo da riguna masu tambari, suka ce tallafi za a kawo, kowa ya ba da kuɗin rajista. Mutane suka sayar da kaji da awaki suka ba su, har yau ko ƙurarsu ba a sake gani ba. Ni ban bayar ba, kuma na yi shekara ina yi wa waɗanda suka bayar shaƙiyanci. To sai ga shekarar da ruwa ya cinye gonaki a yankinmu, hatsi ya yi tsadar da mudu ya zama abin a gaishe shi da ladabi. Da rani ya shigo aka fara jin wasu mutane na zagaya ƙauyukan Maiyama, daga baya suka faɗaɗa har zuwa namu na Jega. Suna ɗaukar hoton mata masu ƙananan yara, a ba su kati su riƙa karɓar ɗan kuɗi, a kuma ba su wani garin kunu na yara. Suna auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launin kore da ɗorawa da ja. Ba su karɓar ko sisi. Wannan rashin karɓar shi ya fi tayar mini da hankali, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wata safiya ana shan shayi a Aliero, wani ya juyo ya ce ni da na san komai, mene ne a cikin garin kunun nan? Wallahi Edita, ko ledarsa ban taɓa gani ba. Amma mutum irina ya ce bai sani ba a gaban jama'a? Sai na gyara zama, na rage murya, na ce su dai su bar bakina ya huta. Suka matsa. Na ce akwai wani mutum can wajen Alelu da ya watsa wa kazarsa garin, tun ranar ba ta sake yin ƙwai ba, zakaran gidan kuma ya daina cara, sai dai ya zauna ya yi tagumi kamar wanda aka kora daga aiki. Aka kwashe da dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Na tashi na kama harkokina, kafin azahar na manta na faɗa.

Bayan wasu makonni na shiga motar wani direba da ke jigilar albasa daga Katanga. Muna tafe ya ce ko na ji abin da ke faruwa? Wai garin nan na tallafi maganin hana haihuwa ne a ciki. Wai kajin unguwa guda sun daina ƙwai, wata mata nononta ya ƙafe, wani ango kuma ya sha bisa kuskure, amarya ta koma gidansu. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce ƙanen matarsa ya gani da idonsa. Maimakon in gane ɗiyar da na haifa ce ta girma ta dawo mini da gemu, sai na ce a raina, ashe abin da na faɗa da wasa gaskiya ne! Ashe hancina ya riga ni sani! Na sauka daga motar nan ina jin kaina kamar waliyyi.

Ina da ƙanwa a Kuberi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, gonar da ya bar mata ruwa ya shafe, ga yara. Autarta ba a daɗe da yaye ta ba, 'yar firit, idanu kawai. Da na ji an ba ta kati da gari, ban ko tsaya cin abinci ba na hau babur. Na tarar tana dama wa yarinyar kunun, ita kuma ta riƙe moɗa da hannu biyu. Na ce ta ajiye. Ta ce lafiya, Yaya? Na zazzage mata labarin kaji da zakara da ango, na ƙara da nawa gishirin, na ce hoton da suka ɗauka ma bashi za a ci da sunanta, wata rana ta wayi gari an zo auna gonar marayu. Ta ce ita dai da aka auna hannun ɗiyarta tef ɗin a ɗorawa ya tsaya, dab da ja, kuma tun da ta fara shan kunun ta fara zama da kanta tana wasa. Na ce ai guba mai daɗi ita ce guba. Na tambaye ta tun da Baba ya rasu wa ke tsaye a kanta, ni ko masu tef? Na ce kada ta sake taka wurin rabon nan, hatsinta da madarar yarinya a wuyana suke. Ta sunkuyar da kai ta ce to, Yaya. Na ɗaure garin a bayan babur. Har na fita zaure ina jin yarinyar tana kukan moɗarta.

Niyyata in zubar a rafi. Amma dillali bai iya zubar da kaya ba. Sai dabara ta zo mini: ina da ragon da nake kiwo don layya, bari in gwada a kansa, in kama su dumu-dumu, duniya ta san wane ne ni. Na shelanta a teburin shayi cewa na fara bincike. Kafin ka ce kwabo, matan da tsoro ya kama suka riƙa aiko mini da nasu garin, wai a haɗa a bincika. Kullum in kwaɓa masa da dusa, in jawo kujera in zauna ina kallonsa. In ya yi atishawa in ce yawwa, an fara. In ya kwanta in ce ga shi nan, jiki ya mutu. Rago kuwa sai sheƙi yake, wuya ya cika, gashi ya kwanta, ya tsinke igiya ya bi tumakin maƙwabta har sai da aka kawo ƙarata. Maiɗakina ta ce in wannan shi ne hana haihuwa, to Allah ya kare mu da ranar da za su kawo mai sa haihuwa. Na ce mata ita ba ta san makirci ba, wannan ƙiba ba ta Allah da Annabi ba ce, a hankali abin ke cin mutum ta ciki. Duk abin da ragon nan ya yi, sai na mai da shi hujja.

Alkawarin hatsi kuwa, na aika sau ɗaya, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan zafin bazara ya shiga rudu, wato rumbun da na tara albasata, ta ruɓe daga ƙasa har sama, ni mai jin warin albasa ɗaya a motar da ke gudu ina kwana kusa da ita ban ji ba. Hankalina ya koma can. Kullum in ce gobe zan leƙa Kuberi. Da na samu na je, na ga ƙafafun yarinyar sun yi luhu-luhu, kumatu sun ciko. Na tafa hannu na ce wa uwarta ta gani ko, ga ta nan ta yi ƙiba ba tare da garin kowa ba. Ta ce amma Yaya, ba ta cin komai, gashinta ya yi ja yana zuba, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Na ce haƙora ne. Na ba ta kuɗin alewa na taho.

Ranar kasuwar Jega ina tsakiyar ciniki maƙwabciyar ƙanwata ta kira ni, ta ce in zo asibiti, an kwantar da yarinyar. Abin da na gani a gadon nan, ni mai baki, ba ni da bakin faɗarsa. Ma'aikaciyar jinya ta danna yatsa a ƙafarta, ta ɗaga, ramin ya tsaya bai koma ba. Ta ce wannan kumburi ne na tamowa, yunwa ce ta ci jikinta. Ta juya ga ƙanwata tana faɗa, ta ce an ba ta gari an ba ta kati, me ya hana ta komawa? Ƙanwata ta dubi ƙasa. Ina tsaye kusa da ita, kalma ɗaya za ta faɗa ta tsire ni, ba ta faɗa ba. Ma'aikaciyar ta ce ta san dalili, labarin kajin nan ne, ya cika musu gadaje da yara. Ta ce garin masara ne da waken soya da sinadaran gina jiki, ita ma tana dama wa nata ɗan. Ta ce da za ta ga wanda ya fara ƙaga zancen nan, sai ta sa shi ya kwana yana kallon yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni ta ce ko ba haka ba, Alhaji? Na ce ƙwarai kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Da bakina na faɗa, Edita.

Duk da haka zuciyata ba ta saduda ba, na ce ai direba ya rantse. Na neme shi a tasha, na ce ya kai ni gun ƙanen matarsa in ga kajin da idona. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya shi ma ƙanen ji ya yi. Na ce daga wa? Muka yi ta bin zancen baki baki, kamar masu bin sawun ɓarawo, har sawu ya kawo mu teburin mai shayin Aliero. Mai shayi ya yi dariya ya nuna bencin da nake zama, ya ce ai a nan aka ƙyanƙyashe kazar.

Allah ya yi yarinyar tana da sauran kwana. Ta tashi, amma a hankali, ta daɗe ba ta taka ƙasa ba alhali sa'o'inta na gudu. Gurbin uwarta a tallafin an riga an ba wata, sai da ta jira wani zagayen, kuma a tsakani ta sayar da 'yar akuyar da ta rage mata. Na koma ina kai hatsi ba fashi, na tsaya a teburin shayi na ce ƙarya na yi, amma mutane suka yi dariya suka ce sun san an saye ni. Ƙaryar ta fi ni farin jini. Sauran yaran da iyayensu suka aiko mini da garinsu, ban san yadda kowanne ya ƙare ba, kuma wannan shi ke hana ni sakewa har gobe.

Ba na ce kowa ya zo da riga mai tambari a rungume shi ba. Macuta na nan, kuma duk wanda ya ce ka biya kafin a taimake ka, ka riƙe aljihunka. Amma in zargi ya kama ka, ka taka ka je asibiti ko wurin mai gari ka tambaya, kada ka tambayi teburin shayi. Ku kuma 'yan uwana masu bakin ba da dariya, ku sani magana zarar bunu ce. Kai ka faɗa ka sha shayinka, ita kuwa ta hau mota ta tafi ƙauyen da ba a san kai mai wasa ba ne. Kuma kada ka hana mai yunwa abin da ke hannunsa da alkawarin abin da ke bakinka.

Da Sallah ta zo aka yanka ragon. Mahaucin da ya feɗe shi ya ce tun da yake riƙe wuƙa bai ga kitse irin wannan ba. Na zaɓi cinya guda na kai Kuberi da kaina. Hali zanen dutse, ina sauke ta bakina ya suɓuce, na fara cewa kaf ƙasar Kabi babu wanda ya iya kiwo kamata. Ƙanwata ta karɓa ta juya ta a hannu, ta kira 'yar autar, wadda ta taho tana dafa bango, ta ce mata ta zo ta yi wa Kawu godiya, ga kununta nan ya dawo mata da shi, sai dai ya biya ta hanya mai nisa.