Baƙin Tabarau na Inna

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take ce mini, kuma a gaban mutane ko kallona ba ta yi. Haka al'adarmu take a Giyawa, ban taɓa jin zafinta ba sai da na zama malamarta.

Wata gidauniya ce ta buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, ta ɗauke ni koyarwa. Ta kuma haɗa gwiwa da wata gidauniyar mai kawo likitocin ido, saboda tsofaffi da yawa allon ne ba sa gani. Inna ta shiga ajin don ta gaji da roƙon a karanta mata takardar magani. Amma a gaban allo ni nake tsayawa. Wata uku cur tana kallon tabarma, har na fara zargin saƙarta ta zo koyo. Sharaɗi kuwa, wadda ta faɗi jarrabawa za ta bar wa wata gurbinta. Na ji haushi ƙwarai, ga shi ba ni da bakin yi mata faɗa.

Da jami'ar gidauniyarmu ta zo duba aji, nan take ta yanke hukunci: tsohuwar nan ido ne ke damunta. Ta rubuta ta cikin masu ganin likita.

Likita ya nuna mata alamu, daga manya har ƙanana, ta cinye duka.

"Likita, ga ƙuda can bisa kwalar rigarka," in ji ta.

"To Inna, me ya hana ki kallon allo?"

Wata maƙwabciyarmu ce ta amsa: "Mi za ta duba? Ɗiyar fari tata ce ag gaban allon."

Likita da jami'a suka koma gefe. Na ji jami'a ta ce a canza malama. Likita ya ce a dakata, ya buɗe akwati, ya ciro baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aikin ido.

"Sa wannan, ba wanda zai san inda kike kallo."

Washegari Inna ta shigo aji sanye da tabarau kamar mai babur ɗan kabu-kabun Wurno. Mata suka yi ta dariya, ita ko a jikinta. Ta ɗaga kai ta fuskanci allo, ni kuma na rikice har na rubuta harafi a juye.

Ranar jarrabawa jami'a ta ce kowacce ta rubuta sunan wani na gidansu. Ni na tattara takardu. Da na zo kan ta Inna, ta miƙo mini tana kallon bango. Sunana ne, a karkace, amma ba harafin da ya ɓata. Na fita bayan aji na yi kuka. Da na dawo, na ji tana tambayar maƙwabciya: "Waccan, mi as same ta?"