Sitiyarin da Ya Mace a Hanyar Jidda

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Makka, ni da mahaifiyata. Mun gama Umra, kwana uku suka rage mana a biza, kuma Hajiya ta dage sai mun yi su a Jidda, gidan ɗan kawuna da aka haifa a can, wanda ba ta taɓa gani ba sai a waya. Na sa kayan da na fi ji da su, 'yar Pakistan ruwan toka da telana ya ɗinka mini takanas don wannan tafiya. A gida idan ka shiga ɗaurin aure da irinta har wuri ake matsa maka, ana zaton malami ne ko mai zuwa saro kaya waje. Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, amma ban taɓa gyara wa kowa zatonsa ba.

Motar da muka samu kabu-kabu ce, fara, ba wata alama a jikinta. Direban dattijo ne ɗan Pakistan, gemunsa ja da lalle, da hular ulu mai naɗaɗɗen baki zaune a kansa kamar fanke. Ya fara da riyal ɗari biyu. Sai ya dubi kayana, ya dubi nasa, iri ɗaya har kala, ya yi dariya ya sauko ɗari da hamsin tun ban buɗe baki ba. Na ɗauka kwarjinina ne.

Titin shimfiɗaɗɗe ne, ba rami ba gargada, duwatsu baƙaƙe dama da hagu ko ciyawa babu. Gudu muke sosai lokacin da wayar direban ta yi ƙara. Ya ɗauka, da ƙarfi na ji ya ce, "Sitiyari ya mace!" Na dubi sitiyarin, ga shi a hannunsa guda, yana ta hira da dariya. Aka sake kiransa, ya sake faɗa. Sau uku sitiyarin nan yana macewa kafin mu shiga Jidda, ni kuwa na riƙe kujera ina karanto duk addu'ar da na haddace. Hajiya tana baya tana jan carbi, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina inda ɗan Pakistan ya koyi Hausa ba.

A bakin wani layi a unguwar Mahjar ya sauke mu, ɗan kawuna ya zo ya kwashe mu. Aka kawo wake dakakke da man zaitun, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, da shayi mai na'ana'a. Hajiya ta ci tana kuka tana cewa goshin ƙaninta ne sak. Shi kuwa Hausarsa rabi Larabci ce. Da ya gama kallona daga sama har ƙasa ya ce, "Yaya, wallahi ka cire wannan. A nan libas ɗin lebura ne. Ka fita da shi, wani zai ce ka ɗauko masa siminti, halas." Raina ya sosu, amma na cire. Ya ba ni farar jallabiya, na koma ɗan gari.

Bayan la'asar Hajiya ta nemi maganin idonta. Yana cikin ƙaramar baƙar jaka, tare da fasfo ɗinmu biyu. Muka zazzage akwatuna, muka ɗaga katifu, babu jaka. Sai na tuna na tura ta ƙarƙashin kujera lokacin da nake fama da mutuwar sitiyari. Ba lambar mota, ba lambar waya, ko sunan mutumin ban tambaya ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ɗan kawuna ya ce a iya neman takardar tafiya, amma da wuya ta fito kafin bizarmu ta ƙare, kuma a unguwar nan akwai mutanenmu da suka zo kwana goma suka shekara ashirin suna ɓuya. Ni na ɗauko tsohuwa mai ciwon suga daga ɗakinta, na yi wa 'yan'uwana alkawarin mayar da ita. Ita ko a jikinta. Ta ce idan ma nan Allah ya rubuta za a binne ta, ai ta yi riba. Na ce ta rufa mini asiri ta yi ribar a gida.

Washegari muka fita nema. Na ce wa ɗan kawuna abu ne mai sauƙi, ɗan Pakistan ne mai 'yar Pakistan. Ya ce to na kwatanta masa rabin Jidda. A tashar motoci da cikin tsohuwar kasuwa na fara gane abin da yake nufi. Ga masu dako da masu gasa burodi cikin doguwar riga da faffaɗan wando, kowane rukuni da yarensa da hularsa. Ga samarinsu masu jiran kanti cikin wandon jins, suna Larabci kamar a nan aka yanke musu cibiya. Ga wasu sun sa jallabiya tsaf, wai don kada a kira su "sadik", sunan da ake jefa wa kowane lebura ba tare da an tambayi nasa ba. Duk wanda muka tambaya sai ya kaɗa kai, irin kaɗawar da ba ka sanin i ce ko a'a.

Da azahar ta gabato ɗan kawuna ya ce mu gwada mudir ɗinsu, wato manajan rumbun kayan da yake wa aiki kusa da tashar jiragen ruwa. Shi ma ɗan Pakistan ne, amma na kwat da laƙataye, ofishinsa sanyi kamar firji. Muna zaune wani lebura ɗan ƙasarsu ya shigo da takarda, ya sallame shi da kalma biyu ta Urdu ko kallonsa bai yi ba. Mu kuma ya juyo mana da Turanci. Ni ma na zazzago wanda na tara tun sakandare, muka yi ta gwada wa juna ƙwanji. Ya ce ya tausaya mana, amma shi ba ya hulɗa da direbobi, mu je wurin 'yan sanda. Yana magana yana duba agogo.

Na miƙe zan tafi. Don dai in huce haushina, na ce ai dama motar ba lafiya gare ta ba, tun a hanya direban yake ta shelar sitiyari ya mace. Na faɗi kalmomin yadda na ji su, da muryar dattijon.

Mudir ya ajiye biro. Ya ce in sake faɗa. Na sake.

"Sitare ma she," in ji shi a hankali, kamar mai ɗanɗana wani abu.

Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce ba Urdu ba ne, Fashto ne, yaren mutanen duwatsu can iyakarsu da Afganistan, kuma gaisuwa ce, ma'anarta kada ka gaji. Na ce ashe "ina gajiya" mutumin yake ta yi wa 'yan'uwansa, ni ina gefensa ina kalmar shahada. Ya yi dariya har da share ido. Sannan ya ce yaren mahaifiyarsa ne. A wurinsu Turanci na samun matsayi ne, Urdu na kasuwa da hukuma, na uwa kuwa a bakin ƙofa ake ajiye shi tare da takalmi, tun da aka yi masa dariya a makaranta saboda karin harshensa. Ɗan kawuna ya raɗa mini cewa shekara shida yana aiki a ƙarƙashinsa bai san yana jin yaren ba.

Ya ɗauki waya ya tura saƙon murya ga wani mutumin ƙauyensu, yana cigiyar direba mai jan gemu. Muryar ma ba ta ɗazu ba ce, ta buɗe, ta yi kauri. Kafin mu sallame azahar amsa ta zo daga Khumra.

Shi da kansa ya tuƙa mu. Khumra can kudu take a bayan gari, rumbunan kaya da garejoji da gidajen ma'aikata, manyan motoci na ta tayar da ƙura. Kafin mu fita daga mota ya cire kwat da laƙataye ya jefa baya. A wani ɗaki mai shimfiɗar leda muka tarar da direbobi suna cin shinkafa da nama a faranti ɗaya, mudir ya tanƙwashe ƙafa a cikinsu. Dattijona ya shigo, ya dube ni bai gane ni ba, sai da aka nuna masa. Ya ɗaga matashinsa ya ciro jakar, an naɗe ta a cikin sallaya. Na buɗe na ga fasfo biyu da maganin ido, na zauna daɓas. Hawaye na yi, ba zan ɓoye ba.

Ta bakin mudir ya gaya mini sau biyu yana komawa layin Mahjar jiya, yana neman baƙin mutum mai sanye da irin kayansu. Ya ce mutum ɗaya ya gani a bakin layin, cikin farar jallabiya yana waya, amma bai tsaya ba, don masu jallabiya ba su cika amsa wa irinsa ba. Ni ne kuwa mutumin. Na dubi ɗan kawuna, ya dubi silin. Na miƙa wa dattijon tukuici ya ture hannuna, ya tura mini farantin shinkafa.

Ranar tafiya 'yar Pakistan ɗina na sa, ba wanda ya ce in ɗauko siminti. Muka sauka Kano lafiya, na damƙa Hajiya a hannun 'yan'uwana na yi ajiyar zuciya. Yanzu duk wanda ya zo yi mata barka da zuwa, da "sitiyari ya mace" take tarbarsa.

Abin da na koyo bai wuce wannan ba: kwat da jallabiya da Turanci sun kai mu har bakin ƙofa, amma gaisuwar da mutum ya sha a nono ce ta buɗe ta. Ina shiga gidana 'yata ta rugo ta yi mini maraba da Turanci, yadda ni na koya mata nake kuma taƙama da shi gaban baƙi. Na durƙusa na ce ta ce mini ina gajiya. Ta faɗa. Na ce mata ba gajiya, kuma gaskiya na gaya mata.